Shekara Arba'in Ina Ce wa Likita "Da Sauƙi"

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu. Ku yi haƙuri da ni, ban saba tsayawa gaban jama'a ba, kuma ina tsoron in faɗi fiye da abin da ya faru.

Sunana Bitrus. Na gama jami'a a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, lokacin da aiki ke neman mutum. Na samu aiki a wani ofis a Titin Ibrahim Taiwo, na auri Saratu, muka kama ɗaki biyu a unguwar Kwaciri. Allah ya ba mu 'yar fari.

Wata Asabar da hantsi ina riƙe da jaririyar a tsakar gida, sai na ji wari kamar taya na ƙonewa, wani abu ya taso mini daga ciki. Ban san abin da ya biyo baya ba. Da na farfaɗo, maƙwabciyarmu Iya Sikira, mai sayar da atamfa a Kasuwar Sabon Gari, ita ke rungume da yarinyar. Ita ta cafe ta kafin ta kai ƙasa.

"Baba Bebi, Allah ya tsare," in ji ta. "Kada ka sake ɗauka."

Ban sake ba. 'Ya'ya huɗu, jikoki bakwai, ban ɗauki ko ɗaya ba. Mutane suka ɗauka alkunya ce. Ni da Saratu kaɗai muka san tsoro ne.

A asibiti aka ce farfaɗiya ce. Aka yi mini hoton kai, likita ya ɗaga shi a hasken taga, ƙashi kawai ake gani. Aka ba ni ƙananan ƙwayoyi farare. Sun rage abin, ba zan hana su haƙƙinsu ba, amma da wuya wata ya wuce bai zo ba.

Ga laifina. Duk ranar ganin likita za a ce, "Malam Bitrus, yaya jiki?" Ni kuwa in ce, "Da sauƙi." Haka aka rene mu, ko kana kwance ba ka iya ɗaga kai, da sauƙi za ka ce. Ina kuma ganin faɗin akasin haka rashin godiya ne ga Allah. Sai likita ya rubuta a ci gaba da maganin nan. Likitoci suka yi ritaya, wasu suka zo, amsata ba ta canja ba.

Autarmu Rifkatu nas ce. Ta taɓa kai ni aka sa ni cikin injin MRI, mai hoton ƙwaƙwalwa, aka ce ba a ga komai ba. Da ta samu cikin fari, sai ta zo ta zauna gabana.

"Baba, wannan kam sai ka ɗauke shi. Akwai wata likita da ke gwada sabuwar hanya, na samo mana rana."

Ranar, muna zaune a bencin jira, Saratu ta sunkuyo.

"Baban yara, yau me za ka ce mata?"

"Abin da na saba."

"Kai fa ko Ubangiji da sauƙi kake ce masa. Ni ke jin addu'arka. Ka roƙa wa kowa, har masu gyaran titi, ban da kanka."

Maganar ta soke ni. Gaskiya ta faɗa! Na sunkuyar da kai a bencin nan na ce, "Ya Ubangiji, ba sauƙi. Na gaji. Ina so in riƙe jikana." Sai hawaye suka zubo mini. Saratu ta ce amin da ƙarfi, har mutane suka waiwayo.

Da muka shiga, likitar, sa'ar Rifkatu ce, ta ce, "Baba, yaya jiki?" Bakina har ya ɗauko tsohuwar amsa, na haɗiye ta. Na gaya mata komai: warin taya, abin da ke tasowa daga ciki, sau nawa a wata. Ta ajiye biro.

"Baba, a fayil ɗinka an rubuta kana lafiya tun kafin a haife ni."

Ta yi mini bayani, kuma in na yi kuskure likitocin da ke cikinmu su gyara. Hoton da aka saba yi, ido ke duba shi, abin da ya ɓuya wa ido ya wuce. A sabuwar hanyar, injin yana auna kowane sashe na ƙwaƙwalwa ya ba shi lamba, sai a gwada hagu da dama. Ta ce ba duk manyanta suka amince da hanyar ba tukuna, kuma lambar ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa.

Aka sake sa ni cikin injin, na daɗe fiye da na farko, yana ta ƙara kamar maƙera. Ina ta maimaita Zabura ta ashirin da uku.

An gani, 'yan'uwa! Wani ɗan wuri a gefen hagu ya ƙanƙance ya yi tabo, lambarsa ta sha bamban da ta ɗan'uwansa na dama. Da wannan, da abin da na faɗa, aka canja mini magani zuwa wanda ya dace da irin farfaɗiyata.

Ba zan ce na warke sarai ba, likitar ma ba ta ce haka ba, kuma ina shan maganina kullum. Amma yau wata goma sha huɗu ke nan abin bai zo ba.

Ranar Lahadin da ta wuce Rifkatu ta kawo ɗanta. Na ce a bari in zauna a tabarma tukuna, a sa matashi dama da hagu, Saratu ta tsaya kusa.

"Baba, karɓi kawai," in ji Rifkatu tana dariya. "Sai ka ce za a ba ka ƙwai."

Na karɓe shi. Ashe haka suke da nauyi! Ya kama gemuna ya ja, ya yi mini fitsari a sabuwar riga, na hana kowa karɓarsa har ya yi barci.

Na gode wa Allah da ya yi haƙuri da ni, ya kuma ba 'ya'yanmu ilimin nan. Ɗan'uwa, in ba sauƙi, gaya wa Ubangiji ba sauƙi, ka gaya wa likitanka ma. Ubangiji zai ji ka, kamar yadda ya ji wannan tsoho matsoraci. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.