Kaset ɗin da Ya Tafi Kuwait

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Injiniya Shaukat. Membobin kwamitin wannan ƙungiya ta matasa. Malamai, iyayenmu mata, da jama'ar Port Said da kuka zo buɗe ɗakin tsofaffin kwamfutoci, ina gaishe ku. Ina kuma gode wa kwamiti da ya tuna da Fikri mai shagon kaset, ya ba shi lasifika, alhali ya san tsoho ba ya gajarta magana.

Akwai jita-jitar da na ji shekaru da yawa da suka wuce, ban yarda da ita ba. An ce Mamduh, ɗan layin masu kifi, ya rubuta wasa da hannunsa a kwamfuta, kuma kaset ɗin wasan ya tafi Kuwait.

Da farko, bari matasa su san yadda garin yake a lokacin. Yaranmu sun rabu biyu, gwargwadon irin kwamfutar da kowa ke da ita. Akwai 'yan Commodore, waɗanda aka saya wa tasu a kasuwar tashar jirgi, akwai 'yan Sakhr, waɗanda iyayensu maza suka ɗauko musu ita daga ƙasashen aiki. 'Yan Commodore suna da wasanni, suna da kiɗa mai daɗi, suna da baki. 'Yan Sakhr suna da haruffan Larabci da haƙuri, suna zaune suna buga umarni layi bayan layi har talabijin ta yi zafi. Duka a kaset suke ajiye abinsu, irin kaset ɗin waƙa, wanda in ka sa shi a rakoda ba ka jin komai sai ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Duka kuma a shagona suke haɗuwa, don ni ke da rakoda mai baki biyu. Abin da aka kwafa a wurina da safe, kafin la'asar ya gama gari.

Shi ya sa Mamduh, ɗan Sakhr, bai taɓa kawo mini nasa ba. Labari kawai yake ba mu: ɗan kwale-kwale yana bin babban jirgi a mashigin ruwa, yana jefa wa fasinjoji kaya da igiya, in ya kuskure sai kayan su faɗa ruwa. Shugabanmu na yau, ɗan Commodore, yana ɗan sakandare, ya tsokane shi da ma'anar Sakhr a Larabci, wato dutse, ya ce masa, "Kai ɗan dutse, injinka ko atishawa bai iya ba, shi ne zai tuƙa jirgi?" Mamduh ya ce, "Naka ya iya waƙa, kai me ka iya? Danna maɓalli?" Don ya nuna wasan, aka tsayar da Juma'a. Na share kantar shago, na jona talabijin, yara suka cika har bakin titi. Mamduh ya zo hannu wofi. Ya ce, "Baba Fikri, kaset ɗin ba ya nan." Ƙanwarsa ta leƙo ta ce kaset ɗin ya tafi Kuwait. Shagon ya kwashe da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Mai Jirgin Kuwait, da sunan ya girma, da shi ya yi aikin sito, da shi aka yi masa sallar jana'iza. Bai sake buga layi ɗaya ba.

Na biyu, ku tuna yadda matanmu ke magana da mazajensu da ke nesa. Ba wasiƙa suke rubutawa ba. Kaset suke cikawa da murya, su ba matafiyi. Ranar Alhamis, jajiberin waccan Juma'ar, wani maƙwabci zai tashi zuwa Kuwait, inda uban Mamduh ke aiki, yana tsaye a ƙofa da jakarsa. Uwar Mamduh ta lalubi kaset a kan tebur, ta saurara, ta ji ƙara, ta ce wannan ai ya lalace. Ta danna jan maɓallin ɗaukar murya, ta gaya wa mijinta ciwon gwiwarta da tsadar tumatir, ta ce yaron nan yana ƙoƙari, ka yi masa addu'a. Mamduh ya dawo ya gane komai. Ya gwammace gari ya kira shi maƙaryaci da uwarsa ta san abin da hannunta ya yi. Ita ba ta sani ba sai bayan rasuwar Mamduh, da mijin ya ce mata, "Kin tuna kaset ɗin da muryarki ta ƙare sai ƙugi ya biyo baya? Na ɗauka rakodata ce." Kaset ɗin kuwa ya salwanta a shekarar da aka gudo daga Kuwait saboda yaƙi.

Na uku, roƙo ne. Ga Sakhr ɗinsa can a kusurwa, kwamiti ya rubuta a ƙarƙashinta, kyautar wani gida. Ya Injiniya, mun yi shekaru muna gardamar wace na'ura ta fi, ga su nan duka sun tsufa a kan tebur ɗaya. Wanda ya fi mu kuwa ba mu ga aikinsa ba. Ku rubuta sunansa, ku rubuta cewa ya rubuta wasa.

Allah Ya ji ƙan Mamduh, Ya albarkaci wannan ɗaki, Ya sa yaranmu su riƙa ajiye aikinsu wuri biyu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

In kuwa shugaba yana son shaida, wadda ta ba ni labarin a ƙarshe tana nan. Hajja Nabawiyya, Ummu Mamduh, wato uwarsa, ga ta can kusa da taga da sandarta. Ita ta ce in faɗa a gabanku.

Na gode.