Ranar da Na Ce wa Ubangiji Ya Dakata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana mata da duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa. Sunana Asabe, daga wani ƙauye a ƙasar Baure. Ban taɓa shiga aji ba. Mama Saratu, matar fastonmu, ita ke riƙe da biro, na kuwa ce mata kada ta gyara mini magana.

Ranar da zan ba ku labarinta Alhamis ce, ranar zumuntar mata, mu shida ne a ɗakin sujada. Akwai Mama Saratu. Akwai Talatu mai ƙosai, da Laraba da kullum sai ta makara, da Hannatu mai ba da waƙa. Akwai Rahila, matar sabon malamin firamare da aka turo mana daga nesa, rungume da jaririnta. Sai ni, can a bencin baya.

A da giya nake dafawa, sana'ar da na gada wurin uwata. Lahadi in je sujada, Litinin in jiƙa dawa. Fasto ya yi magana har ya gaji. Na san magidantan da suka kwashe hatsin rumbunsu suka kawo mini, na san matansu, na san 'ya'yansu na kwana da yunwa, amma ban taɓa mayar da ko mutum ɗaya ba. Rubuta shi haka, Mama.

Da Shari'a ta zo, maigari ya aiko a ce mini in sauke tukunya. Na sauke, na kife manyan tukwanena a bayan ɗaki. A coci aka yi ta yi mini barka, wai Asabe ta tuba. Ban tuba ba! Tsoron bulala ne kawai.

To, hannun da ya saba da wuta shekara da shekaru ya wayi gari ba abin yi. Mijina ya rasu. Ɗana ɗaya yana Kongolam wajen lodin motoci, sai Kirsimeti nake ganinsa. Ba mai sallama a ƙofata. Sai na koma sa ido. Wadda ta makara na gani, wadda ɗankwalinta ya zame na gani, wadda ta yi gyangyaɗi cikin wa'azi na gani, kuma sai na faɗa. Addu'ata kuwa ɗaya ce: Ubangiji, ba ni da amfani, ka ɗauke ni in huta.

Ran nan Rahila ta shigo tana dafa bango. Na ƙirga, kwananta tara da haihuwa. Ƙafafunta a kumbure, leɓenta a bushe. Da ta gifta ta gabana ban ji ƙanshin hayaƙi da ganyen darbejiya da ake ji a jikin mai jego ba. Bakina bai jira ni ba.

Na ce, "Ke yarinya! Wace irin uwa ce ta bar ki kika fito, ko sati biyu ba ki yi ba?"

Talatu ta ce, "Haba Iya, a coci fa muke."

"Na san inda nake."

Rahila ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Iya, ba ni da uwa. Ta rasu tun ina goye."

"To wa ke yi miki wanka?"

"Ni ce. Malam kan ɗora mini ruwa a tukunyar miya kafin ya tafi makaranta."

Tukunyar miya! Wayyo Allahna!

A wurinmu haihuwar fari gida ake komawa, uwa ta yi ta dafa ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Duk mun je mata barka, mun ɗauki yaro mun yaba, kowace ta ɗauka wata daga danginta tana hanya. Ba wadda ta tambaya. Ni da nake ganin ɗankwalin kowa, wannan ban gan shi ba.

Ashe Rahila ta zo ne roƙon a yi mata addu'a. Nononta ba ya isar yaron, kuka yake har muryarsa ta dishe, ita kuma jiri ke ɗibarta.

Mama Saratu ta dube ni. Ta ce, "Iya Asabe, tunda ke kika gani, ke za ki yi mana addu'ar."

Ni da ban taɓa ɗaga murya na yi addu'a cikin mutane ba! Na durƙusa, gwiwoyina na ƙara. Abin da ya fito daga bakina ke nan: "Ubangiji Yesu, ka san abin da nake roƙonka kullum, cewa ka ɗauke ni. To, ka dakata tukuna. Akwai yarinyar nan, kuma ina da tukunya, na iya wuta. Ka gafarta mini hatsin mutane da na dafa. Ka bar ni in dafa ruwa."

Laraba ta yi dariya tana share hawaye. Ni ma kukan nake, wanda ko ranar da aka binne mijina ban yi irinsa ba. A nan na tuba, 'yan'uwa, da gaske wannan karon.

Rahila ta yi arba'in lafiya, yaron ya yi ɓul-ɓul. Mun kai ta asibiti, malamar can ta ce in rage zafin ruwa, in rage kanwa a kunu. Na yi mita, amma na bi. Yanzu ko a ina aka haihu babu mai kula, ni ake aikowa a kira, har gidajen maƙwabtanmu Musulmi. Har yau ina da faɗa, ba zan ɓoye ba. Sai dai idona ya sami abin dubawa.

Na gode wa Allah da bai amsa waccan addu'ar tawa ba. Halleluya! Ke da kike zaune kina cewa naki ya ƙare, ki dogara gare shi, ki kuma duba wadda ke zaune kusa da ke, ki tambaye ta.

Washegarin Alhamis ɗin, gari na wayewa na ɗaga babbar tukunya, na goge ta da toka da yashi har sai da warin tsami ya fita. Mijin Talatu ya kai mini ita a amalanke. Na yanko darbejiya, na hura wuta a bayan ɗakin Rahila. Na yi mata wanka, na gasa mata baya, na wanke yaron, na dama kunu na tsaya a kanta sai da ta shanye. Tana ajiye ƙoƙon ta jingina da kafaɗata, barci ya kwashe ta.

Malam ya leƙo zai yi godiya, na ɗaga masa hannu.

Na ce, "Wuce makarantarka. 'Yata tana barci."