Gaba Tara Babu Ruwa

Ina zaune a bencin tasha na ji wannan zance, tsakanin wani mai sabuwar hular kwano da wani dattijo mai igiya a kafaɗa.

"Baba, taya ni murna! Na samu aiki a gonar raken nan da ake mayarwa man mota. Ni ke kula da injin da ke zuƙe ruwan fadama!"

"Kai, ashe kai ne maigidana! Kawo hannu! Haƙar rijiya ce sana'ata. Tun da kuka fara ban huta ba. Rijiyar da ke kawo ruwa a gaba uku, yanzu sai an ƙara mata huɗu."

"Ka gani? Kowa ya samu!"

"Sosai! Jiya ma wata tsohuwa mai lambun albasa a bakin fadamar ta kira ni. Gaba tara na sauka, ƙasa busasshiya na fito da ita."

"Mai lambun albasa? Gida mai shuɗiyar ƙofa?"

"Ita fa. Har roƙona ta yi kada ɗanta ya ji, wai yana murnar sabon aiki."

Mutumin ya cire hular, ya ɗora ta a gwiwa.