Akwatin da Baffa Ya Bari Wajen Maigadi

Uwaisu: Salamu alaikum. Makarfi ce? Malam Tanko nake nema.

Malam Tanko: Wa alaikumus salam, ga ni. Ɗaga murya, wayar na ƙara.

Uwaisu: Malam, ɗalibinku ne Uwaisu, ɗan Bobbo na Gazara. Daga gidan waya na Zariya nake. Ina wuni?

Malam Tanko: A'a, Uwaisu! Lafiya lau. Ya karatu?

Uwaisu: Da godiya. Ya mutanen gida? Ya damina?

Malam Tanko: Ruwa ya yi gyara. To, na ji ka zo na ɗaya. An ɗauke ka daga makarantar sana'ar zuwa sakandare?

Uwaisu: An rufe sunaye, Malam. Gurbi ɗaya ne, an ba Lado.

Malam Tanko: Lado ɗan magatakarda? Ba na huɗu ya zo ba?

Uwaisu: Babansa ya zo da takarda, ya yi ta Turanci da Bature, shugaban makaranta. Ni ma an ce uba ya zo.

Malam Tanko: Bobbo bai je ba?

Uwaisu: Baffa ya zo, da ƙafa har Kudan kafin ya sami mota. Baturen ya sa tafinta ya tambaye shi, ɗanka ne? Zai iya shekara biyar?

Malam Tanko: Ya ce me?

Uwaisu: Ni ne ɗan fari, Malam. Ko sunana bai taɓa faɗa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce yaron gidanmu ne, ba shi da wani wayo, duk yadda aka yi da shi daidai ne.

Malam Tanko: Inna lillahi. Tafintan bai ce kunya ce ba?

Uwaisu: Yadda ya ji ya juya. Aka rubuta uba ba ya so.

Malam Tanko: Gobe zan rubuta musu. Baɗi ma...

Uwaisu: Baɗi shekaruna sun wuce. Kafinta zan zama ke nan. Raina ya ɓaci, Malam, amma ba wannan ya sa na kira ba.

Malam Tanko: Me? Ban ji ba.

Uwaisu: Na ce Baffa gani yake an ɗauke ni. Ya sayar da bijiminsa ya sayo akwatin ƙarfe irin na 'yan sakandare, ya bari wajen maigadi, ya tafi ko sallama babu. Hutu saura kwana tara. Me zan ce masa?

Malam Tanko: Ka ce masa... Uwaisu, kana ji na? Uwaisu?