Abin da Takardar Maradi Ta Ce Kan Ƙiragan Bara

Assalamu alaikum.

Shugaban wannan taro, Sarkin Fawan Dakoro, Malam Liman, wakilin kumandan, Elhaji Kimba mai gidan fata, mahautan Ajekoriya da makiyayan Tagiris da suka yini bisa hanya, iyayena mata da ke bayan rumfa, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka bar yarinya ta tsaya gabanku. Ni ce Aisata ɗiyar Sha'ibu, mai karanta wa gidan fata takardun Faransanci tun da na bar lakwal, makarantar boko. Ku yi haƙuri, ban saba ba.

An ba ni takardar yabo in karanta don buɗe cinikin bana. Ga ta nan, na ninke ta. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko innata: na yi ƙarya a gidan nan, kuma ƙaryata ce ta kori Baba Intalla.

Kun san shi. Shekara goma sha huɗu shi ke kula da shanyar ƙiraga, kuma dokarsa ɗaya ce: ƙirgin sa a inuwa yake bushewa, a ɗaure jikin itace, iska na ratsa shi, ko da zai kwana goma. Bara da bazara aka ce kamyon Maradi, motar ɗaukar kaya, zai iso kafin lokacinsa. Elhaji ya ce a fito da ƙiragan duka a kafe su ƙasa cikin rana. Baba Intalla ya ce, "Elhaji, rana za ta gasa bayan ta bar cikin ɗanye." Elhaji ya ce, "Intalla, kai raƙumi ka sani, ni Bature na sani." Kowa ya yi dariya, don a gidan nan in Elhaji ya yi wasa, dariya ma aiki ce.

Ƙiraga ɗari biyu suka tafi, ɗari biyu suka dawo da takardar Baturen da ke sayensu. Na karanta wa Elhaji, mu biyu, takardar ta ce: rana ta ƙone su, sun ruɓe ta ciki. Ya ce, "Aisata, gaban mutane ki ce mai shanya ya bari ƙwari sun ci." Na ji tsoro, na faɗa. Baba Intalla bai yi musu ba. Ya gyara rawaninsa ya ce mini, "Ɗiyata, ke kika yi lakwal." Ya tafi.

To, abu uku zan faɗa. Na farko, halin shugaban gida. Ranar da kumandan ya yaba kayan gidan nan, "ƙiragana" muka ji daga bakin Elhaji. Ranar da suka dawo suna wari, sun zama "ƙiragan Intalla". Ashe ƙirgi yana sake ubangida a hanyar Maradi! Mai ba da umurni ya ci yabo shi kaɗai, laifi kuwa ya nemo masa tsoho mai haƙuri ya ɗora masa. Wannan ne aka rubuto mini in kira gwanin ciniki.

Na biyu, halin gida. Mutum tara suka buga turakun da aka kafe ƙiragan nan, ga wasunsu can suna kallon ƙasa. Sun ji gargaɗin tsohon, sun ga rana, ba wanda ya buɗe baki. Ban fi su ba, ni ce ta goma. Amma ku dubi abin da muka koya daga ranar: yau in mutum ya ga huda a fata, ninke ta yake yi ta ciki; in ya ji wari, sai ya matsa gefe. Wa zai faɗa, bayan ya ga inda mai faɗa ya ƙare? Makiyaya sun gane, sun fara wucewa da fatunsu wata kasuwa. Elhaji ya ce hassada ce, ya sa aka binne laya a bakin magaza, ɗakin ajiyar fatu, aka shafa wa ƙofa sabon fenti. Iyayena, laya ba ta hana rana ƙuna, fenti ba ya rufe wari.

Na uku gajere ne. Baba Intalla yana Ajekoriya, ba mai ba shi ko fatar akuya ya shanya, don an ce ƙwari sun ci kaya a hannunsa. Gidan da ke son ciniki ya dawo, ya fara maido wa mutumin nan sunansa, da bakin wanda ya ce a fita rana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dabbobinmu, ya ba shugabanninmu ƙarfin cewa "ni ne", ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Takardar Maradi ban yage ta ba, ko da yake Elhaji ya ce in yage. Da safen nan na ba mushen lakwal, malaminmu, ga shi zaune, zai karanta wa duk mai so. Makullin akwatin takardu na aje shi bisa tabarmar Elhaji, na bar aikin. Gobe zan amshi takardar in bi ayarin jakuna zuwa Ajekoriya, in karanta wa Baba Intalla ita daidai.

Na gode.