Gudalin Sakkwato, Haihuwar Nijar

A kasuwar Kara ta Sakkwato, wani malamin makaranta ya tsaya gaban dillalin shanu, ya nuna wata saniya.

"Alhaji, wannan wace iri ce?"

"Gudalin Sakkwato ta, Malam. Haihuwar Ƙonni, can Nijar."

"An haife ta a Nijar, kuma sunanta Sakkwato?"

"Ko Legas ta haihu, ɗiyanta Sakkwato na. Jini aka bi, ba wuri ba. Wanga ma sai an koya ma malamin makaranta?"

Malamin ya yi tsaki. "'Yata Favour a Gidan Dahala, nan cikin Sakkwato, aka haife ta. Jiya aka hana ta tallafin karatu, wai ba 'yar Sakkwato ba ce."

"Kai ɗan ina na?"

"Pankshin, jihar Filato."

Dillalin ya shafa tozon saniyar. "To, mi nic ce maka?"