Ɗakin da Alhaji Sabo Ya Bar Mini a Jirgin Ruwa

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Habibu ne, mai sarin wanduna a Guangzhou.

Bara muka shiga jirgin ruwan shaƙatawa da abokin kasuwancina, Alhaji Sabo. Ya ce, "Kai ne babba, ɗauki ɗakin sama na goshin jirgi, ni in lallaɓa ƙasa a tsakiya." Har godiya na yi! Ashe ya san tsakiya ba ya girgiza. Teku na tashi na kama amai, salla ma a zaune, shi kuwa yana narkar kifi yana min sannu.

Bana ni na yanko mana tikiti, kuma ba a canzawa. Jama'a, na yi laifi? Alhaji Sabo, in kana saurare, wannan karon kai ne babba.